Sashen ciwon dajin hanji da ya yi jinyar mahaifina

Hannun likitoci da nas-nas na wannan sashe yana da kyau, zan kuma iya tura nawa can ba tare da fargaba ba. Inda suka gaza shi ne wajen isar da labari ga dangin majinyaci.

Baba ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, kowa na cewa basir ne, har ya fara ramewa, jininsa ya yi ƙasa. Likitan ciki bai ja zance ba, ya ce a leƙa hanjin da bututu mai kyamara. Nan aka ga ƙari a babban hanji, aka gutsuri kaɗan aka kai gwaji. Jiran sakamakon nan ne ya fi ci mana rai. Ya fito, yana ajiye, babu wanda ya kira mu sai da muka bi sawu. Haka ma tsakanin likitocin tiyata da masu ba da kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji), mu muka riƙa kai saƙo muna dawowa da amsa. Mai jinyar uba bai kamata a ɗora masa wannan ba.

Aikin kansa ya yi kyau. An yanke ɓangaren hanjin tare da kaluluwar da ke kewaye da shi, likita ya ce aƙalla 12 ake so a duba. An samu cutar a wasu, wato mataki na 3, shi ya sa aka biyo da kemo mai suna FOLFOX duk mako 2, da ɗan famfon da ake tafiya da shi gida na awa 46.

Wadda ba zan manta ba ita ce nas ɗin da ke kula da jakar bayan gida ta wucin gadi da aka maƙala masa a fatar cikinsa, inda aka fito da bakin hanjin. Baba ya ƙi ko kallon wurin. Ta jawo kujera ta zauna, ta auna bakin hanjin, ta yanka gindin jakar daidai da shi don kada fata ta ci, sannan ta miƙa masa almakashin: "Baba, yanzu kai za ka yanka, ni ina kallo." Hannunsa na rawa ya yi. Ita ce kuma ta gargaɗe shi cewa oxaliplatin, ɗaya daga cikin magungunan kemon, ba ya shiri da sanyi, ruwan sanyi zai iya shaƙe masa maƙogwaro, yatsu su riƙa tsikari. Da tsikarin ya yi yawa muka faɗa, nan take aka rage maganin.

Yanzu ana bibiyarsa da gwajin jini na CEA, mai neman alamar dawowar cutar, da hoton CT. Mu 'ya'yansa kuma an ce a leƙa namu hanjin tun daga shekara 40, tunda cutar ta taɓa uba.