Hifogirif a D&D: dabbar tafiya ce mai kyau, amma kar ka shiga yaƙi da ita

Mun daɗe muna amfani da hifogirif a teburinmu na Dungeons & Dragons, wasan nan na tebur da kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi a cikin labari ana jefa dayis don yanke abin da zai faru, bugu na biyar mai dokokin 2014, ni nake hawanta domin ɗan wasana, wato jarumin da nake takawa a labarin, maharbi ne, kuma har ɗan mutum-mutuminta na roba na saya na yi mata fenti da hannuna. Don haka abin da zan faɗa a nan daga abin da na gani ne a kan tebur, ba ji-ta-ji-ta ba.

Ga wanda bai santa ba, gabanta gaggafa ce, kai da baki da fukafukai da ƙafafun gaba masu farata, bayanta kuma doki, kofato da wutsiya da komai. Mutane na yawan haɗa ta da girifon, shi kuwa girifon bayansa zaki ne. A tsohon labarin Turawa ma ana cewa girifon ne ubanta goɗiya ce uwarta, abin dariya kenan tunda girifon ba abin da yake so kamar naman doki. Mawaƙin nan ɗan Italiya Ludovico Ariosto shi ya fito da ita sosai a 1516, D&D kuma tun fitowarsa a 1974 tana cikin dabbobinsa.

To bari in fara da inda ta burge ni, wato tafiya. A ƙasa gudunta ƙafa 40 ne a zagaye ɗaya na faɗa, a sama 60. Dokar littafin mai jan wasa, wato wanda ke tafiyar da labarin yana yanke hukunci, ta ce dabbar hawa mai tashi sai ta huta awa ɗaya bayan kowane awa uku, kuma ba ta wuce awa tara a sama a rana. Idan ka lissafa, mil shida a awa sau tara, mil 54 kenan a rana, alhali masu tafiya a ƙafa mil 24 suke ci in ba sauri suke ba. Kuma wannan ma a hanya mai kyau ne, ita kuwa ba ruwanta da fadama ko kogi ko dutse, miƙewa kawai take yi. Ƙarfinta 17 ne kuma babbar dabba ce, saboda haka tana ɗaukar nauyin fam 510, ni da kayana har da mutum ɗaya in ba ƙato ba ne. Sai idon ta. Tana da ƙarin 5 a kan abin da dayis ya nuna a wajen lura, sannan duk abin da ya shafi gani dayis biyu ake jefa mata a ɗauki babba. Akwai ranar da za mu ratsa wani kwari tsakanin duwatsu, sauran suna ƙasa da keken kaya, na ce bari in hau in leƙo, mai jan wasa ya jefa mata dayis ya yi shiru yana kallon takardarsa sannan ya ce dabbarka ta sauke kai tana kallon wata baƙar inuwa a bakin dutse ta ƙi gaba. Ashe 'yan kwanton ɓauna ne sun jera duwatsu za su gangaro mana da su. Ranar duk teburin sai da suka yi mata tafi, har mai sihirinmu da kullum yake cewa abincinta ya fi amfaninta yawa.

Wani abin da na so shi ne halinta kamar yadda littafin dodanni ya bayyana. Tana cin nama tana cin ciyawa, in ta yi miji ko mata shi kenan har mutuwa, ba ta nisa da sheƙarta, kuma in aka taɓa abokin zamanta ko ɗanta to faɗan sai dai a ɗauki gawa. A wannan bugun haihuwa take yi ba ƙwai ba, saɓanin bugu na 3.5 inda ƙwai ɗaya ake sayar da shi zinare 2,000, ɗan ƙarami kuma 3,000. Littafin ya ce cikin dabbobin hawa masu tashi tana cikin masu sauƙin horo da riƙon amana. Mai jan wasanmu ya ɗauki wannan da gaske, bai ba ni ita a banza ba, sai da muka kori wani waiban, dodo mai fiffike irin diragon, da ya kashe uwar sannan muka ɗauko ɗiyar muka raina, shi ya sa ma nake jin ta a raina fiye da takobin sihirin da na samu daga baya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Makin ranta, wato yawan dukan da za ta iya sha kafin ta faɗi, 19 ne, lambar kariyarta, wato lambar da mai hari zai kai kafin ya same ta, 11. Ku je ku duba dokin yaƙi na yau da kullum a littafin, shi ma 19 da 11 ne, daidai wa daida. Bambancin kawai shi ne in doki ya faɗi kai ma ka faɗi a ƙasa ka kaɗe ƙura ka tashi, in ita ta faɗi kuwa kana sama ne malam. Dokar faɗuwa dayis mai fuska shida guda ɗaya ne a kowace ƙafa goma, har zuwa guda ashirin. Kana ƙafa 60 a sama dayis shida kenan, matsakaici 21, kuma ɗan wasa a mataki na uku sau da yawa duk ransa bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Kuma ba sai an kashe ta ba ma, in aka kayar da ita ko aka mayar da gudunta sifili to ƙasa za ta yi tunda ba ta cikin masu iya tsayawa cak a iska.

Ɗauki goblin, ƙaramin dodon da kowa ke rainawa. Bakansa yana da ƙarin 4, kenan 7 kawai yake nema a dayis mai fuska ashirin ya same ta, kashi 70 cikin ɗari kenan, kowace kibiya kuma tana cin biyar ko shida. Kibiya huɗu ta gama. Mun gani da idonmu a wani faɗa a kan gadar dutse, na shawagi ina harbi ina jin daɗina, zagaye na biyu goblin ɗin suka bar sauran suka juyo sama gaba ɗaya, mai jan wasa yana jefa dayis ɗaya bayan ɗaya yana rage lamba, ni kuma ina kallon 19 ta koma 13 ta koma 8 ta koma 2. Mai sihirinmu ya riga ya ɗaga hannu yana cewa abokina kar ka damu ina da sihirin nan mai sa mutum ya sauko kamar gashin tsuntsu, to amma shi ma sai kana cikin ƙafa 60 daga inda yake zai yi maka amfani, ni kuwa na wuce haka. Da ƙyar na juya ta muka ɓuya bayan hasumiya. Maganar sihirin ƙwallon wuta kuwa ba a ma yinta, dayis takwas ne matsakaici 28, ko ta kauce rabi za ta sha wato 14, saura biyar.

Wani zai ce ai tana da duka, baki 8 farata 10, duka biyun a zagaye ɗaya da ƙarin 5, 18 kenan in sun shiga, kuma gaskiya ga dabba mai ƙimar haɗari 1, wato ma'aunin ƙarfin dodo a littafin, wannan ba wasa ba ne. Sai dai dokar hawa ta ce in kai kake riƙe da linzami abu uku kawai dabbar za ta iya, ta ƙara gudu, ta janye ba tare da an kai mata hari ba, ko ta kakkauce. Ba cizo ba yaƙushi. In kana son ta yi faɗa sai ka sake mata ta yi gaban kanta, a nan kuma mai jan wasa ne zai yanke abin da za ta yi, kuma dabba mai basira 2 da aka soka da kibiya gudu za ta yi da kai ko ta afka cikin taron maƙiya, duka biyun ba daɗi. Mun yi ta jayayya a kan wannan dokar a teburinmu har aka gaji.

Gyaran da muka gwada, na farko sulke. Sulken dabba kuɗinsa ninki huɗu ne na na mutum nauyinsa ninki biyu, mun saya mata mai ɓawo-ɓawo irin na kifi a zinare 200, kariyarta ta koma 15, goblin ya koma neman 11, rabi da rabi. Ya taimaka amma fam 90 ya tafi daga nauyin da take ɗauka. Kar a manta da sirdi na musamman na dabbobi masu tashi, zinare 60, dole ne. Na biyu ita ce baiwar mahayi da ake zaɓa a mataki na huɗu, wadda ke ba ka damar jawo harin da aka kai wa dabbar ya dawo kanka, kuma irin su ƙwallon wuta in ta kauce ba abin da zai same ta, in ba ta kauce ba rabi. Wannan ita ce ta fi komai aiki wallahi, sai dai ka sadaukar da ƙarin makin da ya kamata ka saka wa kanka, don dabbar da ba ta girma. Matsalar kenan, kai kana hawa mataki ita tana nan a 19 har abada. Dokar abokan tafiya da ta fito a littafin ƙari na 2020 da za ta sa ta riƙa girma tare da kai ta tsaya a kan dabbobi masu ƙimar rabi ko ƙasa, ita kuwa 1 ce. Sihirin faladin, wato jarumi mai alwashi, na kiran babbar dabbar hawa ma akwai girifon akwai fegasus, doki mai fiffike, a jerin, babu ita. Ƙarshe dai mai jan wasanmu ne ya tausaya ya ce duk matakin da na hau ita ma a ƙara mata dayis ɗaya mai fuska goma, dokar gida ce ba ta littafi ba, kuma ina ba kowane tebur shawarar ya yi haka.

To me ya sa ba girifon ba? A takarda ya fi ta nesa ba kusa ba, rai 59, tashi 80, fegasus ma 59 da tashi 90. Amma girifon in ya ga dawakan abokan tafiyarka yawunsa zuba yake, ba garin da za ka shiga ka ɗaure shi a barga a kwana lafiya, fegasus kuma halitta ce mai hankali da zaɓen wanda za ta yarda da shi, ba kowa take ɗauka ba. Ni a ganina ma raunin hifogirif ɗin nan shi ya sa mai jan wasa zai yarda ya ba ka ita tun kana ƙaramin mataki, saboda ya san ba za ka zauna a sama kana ruwan kibau kana ɓata masa duk faɗan da ya shirya ba, baka biyu kawai zai ajiye a kan katanga ka sauko da kanka. Sannan diragon da girifon da waiban duk suna son namanta, kenan hawanta kaɗai yana jawo labari, kana tafiya sai ka ga inuwa ta rufe ka daga sama.

Ɗan mutum-mutumin da na saya, ba zan faɗi kamfanin ba, sassaƙar gashin fukafukan ta yi kyau sosai, in ka shafa fenti mai duhu sannan ka bi da busasshen burushi da fari-fari kowane gashi fitowa yake. Inda gashi ya haɗu da fatar doki a tsakiyar ciki nan ne wahalar, sai ka bi a hankali kana haɗa launin in ba haka ba sai ta zama kamar dabba biyu aka liƙa. Matsalarsa fukafukan a buɗe suke sun fi gindin faɗi nesa, ita gida biyu-biyu take ci a taswira amma fiffiken yana ture duk wanda ke kusa, sandar roba mai haske da ke ɗaga ta sama kuma siririya ce, ta karye a jaka sai da na sa gam da ɗan ƙarfe a ciki. Babu wajen ɗora mahayi kuma, don haka nawa a gefe nake ajiye shi da dayis a kusa da ke nuna tsayin da muke. In za ka saya nemi mai naɗaɗɗen fiffike tana tsaye a ƙasa, ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya cin wuri.