Na gwada tsarin hana bibiya na iPhone: ga inda ya yi amfani, ga inda ya gaza

Tun da na koma riƙe iPhone, irin 'yan Landan ɗin nan da ake sayarwa a Farm Centre ta Kano, abokai suke tambayata ko da gaske ne wayar tana hana manhajoji leƙen asirin mutum. Na daɗe ina amfani da tsarin, kuma amsata ita ce tana hanawa, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Sunan tsarin App Tracking Transparency, kamfanin Apple ya fito da shi a watan Afrilun 2021 tare da iOS 14.5, wato sabon zubin babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone. Kowace iPhone tana da wata lamba ta musamman da 'yan talla ke gane ta da ita. A da, manhajar kasuwa da ta wasa da Facebook duk suna iya karanta lambar, sai a haɗa bayanan a gane cewa wanda ya duba takalmi a can shi ne yake kallon bidiyo a nan. Yanzu sai manhaja ta nemi izini. Idan ka ƙi, sifili kawai za ta gani a madadin lambar. Ni ban ma tsaya amsa tambayar ɗaya bayan ɗaya ba, na shiga Settings, sashen Privacy & Security, na kashe maɓallin da ke ba su damar yin tambayar tun farko. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma babu manhajar da ta daina aiki, har da na banki.

Abin da na lura da shi shi ne tallan da ke bin mutum daga wannan manhaja zuwa waccan ya ragu sosai. Yawan tallan kuwa yana nan daram, sai dai ya zama na kan-mai-uwa-da-wabi: yau gidan haya a Dubai, gobe maganin sanƙo. Shaidar cewa tsarin ya yi tasiri ma ba daga wayata take ba. A watan Disambar 2020 Facebook ya sayi shafuka sukutum a manyan jaridun Amurka yana sukar Apple, sannan a Fabrairun 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa canjin zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a shekarar. Ba a yin irin wannan kuka a kan abin da bai taɓa aljihu ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tsarin ya shafi musayar bayanai tsakanin kamfanoni daban-daban ne kawai. Abin da ka yi a cikin Instagram, mai Instagram yana gani, kuma shi ne mai Facebook da WhatsApp. Sannan akwai wasu hanyoyin gane waya ba tare da lambar ba, kamar haɗa adireshin intanet da samfurin waya da harshen da aka saita mata. Dokar Apple ta haramta wannan dabara, sai dai mai waya ba shi da maɓallin da zai danna ya tabbatar an bi dokar. Shi kansa Apple ɗin yana da kasuwar talla a App Store, kuma a watan Maris na 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 150, tana cewa yadda ya aiwatar da tsarin ya ƙuntata wa ƙananan masu manhajoji. Laifi tudu ne.

Abin da ya fi burge ni a wayar wani abu ne da ba a cika maganarsa ba, wato App Privacy Report, wanda ya zo da iOS 15.2 a ƙarshen 2021. A kashe yake zuwa, sai ka kunna da kanka. Daga nan zai riƙa nuna maka, na tsawon kwana bakwai da suka wuce, wace manhaja ce ta taɓa kyamara, wacce ta buɗe makirfo, wacce ta duba inda kake, da kuma adireshin intanet ɗin da kowacce ta tuntuɓa. A nan na ga wata 'yar manhajar lokutan salla da na ɗauka ba ta da aiki sai kiran salla tana tuntuɓar jerin kamfanonin talla. Na rage mata izini zuwa sanin gari kawai, ba ainihin ƙofar gida ba, kuma lokutan ba su canza ba. Wanda ya tuna rahoton da aka wallafa a Nuwamban 2020, cewa bayanan wurin masu amfani da manhajar lokutan salla ta Muslim Pro suna isa ga wani dillali mai suna X-Mode da ke hulɗa da 'yan kwangilar sojan Amurka, zai gane dalilin da ya sa ban ɗauki abin da wasa ba. Muslim Pro ya musanta sayar wa soja bayanai, ya kuma yanke hulɗa da dillalin. Aibin rahoton na Apple shi ne sunayen adireshin da yake jerowa ba kowa zai gane su ba, kuma babu bayani da Hausa.

A ganina ma, mu nan abin da ya fi cutar da mu ba talla ba ne, lambobin waya ne. Kowa ya san wanda manhajar bashi ta aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci saboda jinkirin biyan naira dubu goma. Maɓallin hana bibiya ba ya maganin wannan ko kaɗan, domin da hannunka ka ba da izinin shiga lambobin. Sai a iOS 18, a 2024, aka ba mutum damar zaɓar 'yan lambobin da manhaja za ta gani maimakon miƙa mata littafin gaba ɗaya. Google kuwa tun ƙarshen watan Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotuna. Masu tsofaffin iPhone irin su 8 da X su sani cewa iOS 18 ba ta hawa wayarsu, don haka wannan gatan ba su da shi.

Shin ya kai mutum ya sayar da Tecno ko Infinix ɗinsa ya ƙara kuɗi saboda wannan kawai? Ni dai ban ba da wannan shawarar ba. Daga Android 12 zuwa sama akwai allon da ke nuna manhajojin da suka taɓa kyamara da makirfo da wuri, akwai ɗigon kore da ke bayyana idan ana amfani da kyamara, kuma ana iya goge lambar talla ɗungurungum a sashen Ads na saitin Google. Bambancin shi ne iPhone tana tare ka da tambayar, a Android kuwa sai ka tona saiti ka nemo abin da kanka.