Ranar tsaraba a Makka da iyali: ina za a yi sayayya, ina za a ci abinci?

Duk wanda ya je Umra da iyali ya san akwai ranar da uwargida za ta ce, "Alhaji, yau fa sai kasuwa." Ranar tana iya yin daɗi, tana kuma iya ƙarewa da kukan yara, guzuri ya yi ƙasa, an rasa jam'in La'asar. Shi ya sa nake ganin a zaɓi wuri tun kafin a bar masauki.

Mafi kusa su ne shagunan da ke ƙarƙashin dogon benen agogon nan, Abraj Al Bait, daura da ƙofar Sarki Abdul'aziz. Akwai sanyi, akwai banɗaki, akwai matakala mai tafiya da kanta, kuma da an kira salla taku kaɗan ne zuwa Harami. Idan kuna tare da tsohuwa mai ciwon gwiwa ko jariri a goye, wannan sauƙin ya cancanci kuɗinsa. Amma hayar shago a gaban Ka'aba ba wasa ba ce, kuma mai saye ne ke biyanta. A nan ni dai ƙananan abubuwa nake saye a babban kantin Bin Dawood, inda farashi ke rubuce, babu ciniki.

Titin Ibrahim Khalil, wanda ya gangara zuwa Misfala, shi ne tsaka-tsaki. Iya nisan da ka yi da masallaci, iya sauƙin kayan. Carbi, hula, darduma, kwalli, ƙananan kwalaben turare, duk ga su, kuma ana ciniki. Wasu masu shagon ma da Hausa za su tare ka, don sun daɗe da mutanenmu. Matsalarsa cunkoso. Bayan salla titin cika yake maƙil, yaron da ba a riƙe hannunsa ba, zai iya ɓacewa nan take. A sa wa kowane yaro katin masauki a aljihu.

Mai sayen da yawa, wanda dangi da maƙwabta ke jira, ya ɗauki tasi zuwa Aziziyya ko kasuwar Ka'akiyya, inda ake samun jallabiya da abaya dozin-dozin. Sai dai ku yi lissafi tukuna: kuɗin mota zuwa da dawowa, da sallar Harami ɗaya ko biyu da za ta wuce ku. Idan abaya uku kawai za a saya, tafiyar ba ta biya ba. Kuma ku duba tambarin kaya. Da yawa daga Sin ko Turkiyya aka kawo su, irinsu na nan jibge a kasuwar Hajj Camp ta Kano. Riyal ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, ga harajin kaya da ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020. In ka juya kuɗin zuwa naira ko sefa, sau da yawa za ka ga na gida ya fi araha, ba kuma ka cinye kilon jirgi ba.

Abin da ya cancanci ɗauko shi ne wanda asalinsa can yake. Dabino na gaba, amma in za ku bi ta Madina, ku bar shi sai can: Ajwa, Safawi, Mabrum, a ɗanɗana kafin a auna. Zinare kuwa, a tambayi farashin giram na ranar daban, kuɗin ƙira daban, a karɓi rasit mai nuna ko karat 21 ne ko 18. Zamzam kada a cusa shi cikin akwati. Akwai na lita 5 da aka tanada a rufe don jirgi.

Sai abinci, inda yawanci ake samun saɓani. Yara Al Baik za su ce, gidan soyayyar kaza da aka fara buɗewa a Jidda a 1974, kuma ba laifinsu, kazar nan da miyar tafarnuwa ta yi suna. Farashinta da dama-dama, layin ne abin dubawa. Bayan Isha'i kada ma a gwada da yara masu jin yunwa. Mutum ɗaya ya je tsakanin Azahar da La'asar ya sayo wa kowa.

Ni zaɓina ga iyali shi ne gidan shinkafa, Bukhari ko mandi. Ka ce "habba" a ba ka kaza guda, "nus habba" rabi, a kan tire cike da shinkafa. Kaza guda da ƙarin shinkafa takan ishi uba da uwa da ƙananan yara biyu ko uku. A gidajen mandi da yawa akwai sashen iyali mai labule, a zauna a ƙasa a ci da hannu kamar a gida, uwargida ta sake, jariri ya kwanta a gefe. Wuraren cin abinci na cikin benen agogo sun fi yawan zaɓi, amma kowa da farantinsa, kuɗin kan ninka.

Idan kuma Hajiya babba ta kwana uku tana cewa shinkafar Larabawa ba ta riƙe mata ciki, a nufi wajen Misfala. Hausawa sun daɗe da zama a Makka, kuma a unguwannin nan ana samun tuwo da miyar kuka. A zaɓi inda ake tuƙawa a gabanka, a karɓa da zafinsa, a kai mata masauki kafin Magariba.