Ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's: amfaninsa na cikin ƙananan rubutun da ake tsallakewa

Duk wanda ke fama da siffofin Turanci masu wuyar sha'ani, irin waɗanda WAEC da JAMB ke son jefowa a tambayoyin ma'ana da kishiya, wannan ƙamus zai fisshe shi. A. S. Hornby ne ya assasa shi, Oxford ta fara buga shi a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Don mai koyon Turanci aka yi shi, shi ya sa bayaninsa ke zuwa da kalmomi masu sauƙi.

A gwada shi da obsequious. Abu na farko da ido zai gani shi ne furuci da alamomin sauti, kuma ɗan sandan da ke gaban gaɓa ta biyu yana nuna a nan ake danna murya. Sai kalmomi biyu da ƙananan haruffa: formal da disapproving. Ta farko na nufin kalmar ta rubutu ce da magana a hukumance, ta biyu na nufin kushe ce. To a nan kuɗin mutum ke fita. Ɗalibin da ya tsinci kalmar a jerin kalmomi masu kama da juna, kusa da polite, zai ɗauka ladabi take nufi, ya je ya yabi malaminsa ko kansa da ita, alhali fadanci take nufi, irin rawar jikin mai neman gindin zama a wurin manya. Ma'anar kaɗai ba za ta hana wannan ɓaran-ɓarama ba, alamar ce ke hanawa.

Haka ƙamus ɗin ke faɗin mazaunin siffa a jimla. Erstwhile, wadda jaridun Najeriya ke yawan amfani da ita, an rubuta mata only before noun, wato sai dai ta zo gaban suna kamar yadda "tsohon" ke zuwa a "tsohon gwamna". Averse kuwa akasin haka ce: ba ta zuwa gaban suna, tana jan kalmar Turanci "to" a bayanta, in aikatau ya biyo baya sai ya ɗauki -ing. Masu rikita ta da adverse su karanta bayanin kalmomin biyu a jere, bambancin zai fito fili.

Inda ya gaza: kalmomin da ba a cika amfani da su ba sau da yawa misali ɗaya ko biyu kacal suke samu, kuma guntaye. Wannan bai isa mutum ya ji kalma a bakinsa ba, dole a nemi ƙarin jimloli a jarida. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, yana gajiyar da ido da daddare. Babu fassarar Hausa, kuma wanda bai koyi alamomin sauti ba furucin zai zame masa ado kawai. Shafinsa na intanet ya magance wannan, don kyauta ake sauraron furucin Ingila da na Amurka.

Mai saye ya kula da jabu, don sun cika kasuwa. A buɗe tsakiya a duba: in tawada ta yi dishi-dishi, ko shafuka sun tsallake lamba, ko ɗinkin baya na ɓallewa, a ajiye. A jabun, ƙananan alamomin nan ne ke fara dusashewa har ba sa karantuwa.