Haɗa Python da .NET: IronPython ko Python.NET?

Kafin ka sauke komai, duba ko aikinka yana buƙatar NumPy ko pandas, wato laburaren Python na lissafi da sarrafa bayanai. Nan gardamar take rabuwa, tunda duka biyun kyauta ne, lokacinka kawai za su ci.

IronPython dai Python ne da aka sake rubutawa da harshen C#, yana gudana kai tsaye a cikin .NET, dandalin Microsoft na gina manhajoji. Jim Hugunin ne ya fara shi, mutumin da ya yi Jython, Python mai gudana a kan Java. Siga ta 1.0 ta fito a 2006 a hannun Microsoft, a 2010 kuma kamfanin ya bar wa masu sa kai. Daɗinsa shi ne ba sai mai amfani ya girka Python ba, fayilolin DLL (fayilolin laburare) kawai za ka tura tare da manhajarka. Idan so kake abokan ciniki su riƙa rubuta gajerun umarni a cikin manhajar C#, ya wadatar. Sai dai laburaren da aka gina da C ba sa tashi a kansa, NumPy na ciki. Ga shi kuma a baya: sigar 3.4 da ta fito a ƙarshen 2022 tana bin sawun Python na 2014 ne.

Python.NET gada ce. Ainihin CPython ɗinka, wato Python da aka saba da shi, yake amfani da shi, duk abin da pip (mai girka laburaren Python) ya girka yana nan daram. Daga ɓangaren Python, ka rubuta import clr, ka bi da clr.AddReference, sai ka kira azuzuwan C# tamkar na gida. Ni shi nake zaɓa a mafi yawan ayyuka, amma yana da ƙaya. Daga ɓangaren C# dole ka nuna masa inda DLL ɗin Python yake, kuma kowane kira zuwa Python ya shiga cikin Py.GIL(), umarnin da ke riƙe makullin Python yayin kiran. Ka manta wannan sau ɗaya, manhaja ta daskare ko ta rufe ba sallama. Sannan kowane ɓangare da tsarinsa na share ƙwaƙwalwa, don haka ka sa ido idan kana jigilar manyan bayanai tsakaninsu.

Akwai hanya ta uku da ake rainawa: ka bar Python a gefe yana gudana shi kaɗai, su riƙa magana da C# ta hanyar sadarwa irin su HTTP ko gRPC. Akwai ɗan jinkiri, amma in ɗaya ya faɗi, ba ya jan ɗan'uwansa.