Gidan kallon layinmu da ya nuna mana tantance ministoci kai tsaye da fassara

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da aka gama tantance ministocin Tinubu a Majalisar Dattawa nake son in yi wannan rubutun, ɗinki ne ya riƙe ni, sai bayan da aka rantsar da su ranar 21 ga Agustan 2023 na ce bari dai in zauna in sauke nauyi, don wallahi gidan kallon nan ya cancanci a yi maganarsa, da alherinsa da kuma inda ya gaza.

Gidan kallon ƙwallo ne irin wanda kowa ya sani, rumfar kwano, bencina sha huɗu, talabijin biyu a gaba, nan bayan layinmu ta wajen Kurna a Kano, shagona yana kallon ƙofarsa. Lokacin babu Firimiya sai 11 ga Agusta za a dawo, ga litar mai ta haura naira 600 bayan da Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar da aka rantsar da shi 29 ga Mayu, toh mai gidan yana zaune kawai ba ciniki. Ranar Alhamis 27 ga Yuli da shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa Femi Gbajabiamila ya kai wa Majalisar Dattawa sunaye 28 na farko, da yamma sai na ga yaron mai gidan ya goge allon da ake rubuta wasanni ya rubuta da alli: Litinin tantance ministoci kai tsaye, da fassarar Hausa, naira 100. Ban ɗauka mutum goma za su shiga ba. Ranar Litinin ɗin kafin azahar babu wajen zama.

Abin da ya sa wajen ya ci kuɗinsa ba talabijin ba ce, tashoshi da yawa sun nuna zaman, kowa zai iya kallo a gida in akwai wuta ko a waya in yana da datar ƙonawa. Tafintan ne. Wani dattijo ne ɗan unguwarmu da ya yi ritaya daga koyarwa a sakandare, darasin gwamnati ya koyar shekara da shekaru, kowa Malam yake ce masa. Mai gidan ya ba shi kujerar roba a gefen talabijin da ƙaramar makirfo, sai a rage sautin Turancin yadda mai ji zai ji, shi kuma Malam yana bi yana juyawa. Kuma ba fassara kaɗai ba, bayani yake yi. Ni shekarata arba'in da 'yan kai ina jin ana cewa majalisa ta zauna majalisa ta tashi a rediyo amma ban taɓa sanin yadda ake buɗe zaman ba sai ranar. Ya nuna mana sandar majalisa da ake shigowa da ita gaban shugaban majalisa, ya ce in babu ita a kan teburin nan duk abin da aka yanke ba zama ba ne, sai addu'a, sai a amince da rubutaccen bayanin zaman da ya gabata, sai shugaban ya karanta wasiƙu in akwai, sannan a bi takardar jadawalin ranar wadda suke cewa oda fefa. Da jagoran majalisa Opeyemi Bamidele ya miƙe yana roƙon a ba baƙi izinin shiga, wani yaro ya ce Malam su waye kuma baƙi, ya ce ɗana duk wanda ba sanata ba baƙo ne a zauren nan ko da gobe shi ne minista, sai an jingine doka kafin ya taka ƙafarsa ciki.

Yana zuwa da wani tsohon kundin tsarin mulki na 1999 duk bangon ya yage an liƙe da salatif, in gardama ta tashi sai ya lashi yatsa ya buɗe sashe na 147 ya karanta ya fassara. A nan na san dole kowace jiha ta samu aƙalla minista ɗaya, kuma in majalisa ta yi kwana 21 na aiki ba ta ba da amsa a kan suna ba to ana ɗauka an amince da shi. Ya kuma tuna mana dalilin da ya sa aka yi ta gaggawa a ƙarshen Yuli, gyaran da Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023 ya ce cikin kwana 60 da rantsuwa sai shugaban ƙasa ya miƙa sunaye, kun dai tuna 2015 sai da aka kai 11 ga Nuwamba kafin a rantsar da ministoci.

Ranar farko an samu matsala, 'yan matan Super Falcons suna wasa da Ireland da ƙarfe 11 na safe, mai gidan ya sa ƙwallo a talabijin ɗaya majalisa a ɗaya, ihun masu ƙwallo ya hana mu jin Malam har aka tashi wasan babu ci. Wannan kuskurensa ne, kuɗi biyu ya so ya kama a rumfa ɗaya, amma da muka yi magana bai sake ba.

Toh a ranar ne kuma na fara ganin abin nan na rusuna ka wuce da idona. Mutum zai shigo da babbar riga, ya karanta tarihinsa minti kaɗan, sanatocin jiharsa su tashi ɗaya bayan ɗaya su yabe shi, sai a ce tunda ya taɓa zama ɗan majalisa al'ada ce ya rusuna ya tafi. Shikenan fa. Wani mai Adaidaita da ke kusa da ni ya ce Malam ina tambayoyin, Malam ya ce ai an gama. Gaskiya raina ya ɓaci, don mutumin da za a danƙa wa ma'aikata guda da kuɗin talakawa ko yaron shago zan ɗauka sai na ba shi yadi ya yanka a gabana. Kuma babban abin da ya fi damuna, sunayen nan an kawo su ne babu ma'aikata a jikinsu, sanata bai san ko wanda ke gabansa lafiya za a ba shi ko noma ba, to me zai tambaye shi? Irin su Ali Pate kowa ya yi hasashen lafiya ce kuma haka aka yi, amma sai ranar 16 ga Agusta muka ji Badaru ne ministan tsaro Matawalle ƙaraminsa, Wike Abuja, Keyamo sufurin jiragen sama. Da tun a zauren an san tsaro za a ba mutanen nan biyu, da sanatocin Zamfara da Katsina da Sokoto sun san inda za su matsa.

Talata 1 ga Agusta ranar El-Rufai ce, kuma ita ce ranar da gidan ya fi ba ni haushi. Mutumin ya tsaya yana bayanin matsalar wutar lantarki tiryan-tiryan, iskar gas da bashi da kamfanonin rarrabawa, rumfa ta yi tsit kowa yana saurare har waɗanda ba sa ƙaunarsa, sai inji ya yi tari biyu ya mutu. Mai ya ƙare. Mai gidan bai tanadi ko galan ɗaya ba alhali ya karɓi kuɗin mutum sama da sittin, sai a lokacin aka tura yaro da jarka, kusan minti ashirin da biyar muna zaune cikin zafi, wani ya kunna a wayarsa mutum takwas suka dunƙule a kai. Kafin a dawo har Sanata Sunday Karimi na Kogi ya ɗaga maganar takardar ƙorafin da ya ce an kawo masa a kan El-Rufai an wuce wajen. Na samu mai gidan na ce Oga wannan ba daidai ba ne, wanda ya rufe shago ya zo bai zo don ya kalli baƙin gilashi ba. Ya ba da haƙuri, daga ranar kullum akwai jarka cike a bayan ƙofa.

Shi ma Malam yana da nasa. Ranar Juma'a 4 ga wata da shugaban majalisar, Akpabio, ya karanta wasiƙar janye sunan Maryam Shetty ta Kano aka maye da Dakta Mariya Mahmoud Bunkure aka kuma ƙara Festus Keyamo, kun san mu Kanawa, rumfa ta kaure, wannan na cewa an yi wa yarinya wulaƙanci tunda har ta iso majalisar kafin ta ji, wancan na cewa ai siyasa ce kuma Ganduje jiya-jiya ya zama shugaban APC. Malam maimakon ya tsaya a kan wasiƙar sai ya shiga zuba nasa sharhin a cikin makirfo kamar yana cikin abin da aka karanta. Bayan la'asar na same shi a gefe na ce Malam don Allah ku riƙa raba mana maganar sanata da taku, mu da ba ma jin Turancin sosai duk abin da kuka faɗa ɗauka muke daga can ya fito. Bai ji haushi ba, ya ce ka yi gaskiya. Tun daga nan in zai sa baki sai ya sauke makirfo ya ce wannan nawa ne ba nasu ba. Wallahi wannan ya ƙara masa girma a idona.

Amma ranar da ba zan manta ba Asabar ce 5 ga Agusta. Majalisa ba ta saba zama Asabar ba, Talata Laraba Alhamis ne ranakunta, amma a makon nan har Asabar suka zauna. Kuma ba ministoci kaɗai ba, akwai wasiƙar Tinubu a kan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ga wa'adin kwana bakwai da ECOWAS ta ba sojojin Nijar su mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfin soja zai cika washegari Lahadi, an rufe iyaka an yanke wa Nijar wuta. Ranar rumfar ta cika da 'yan uwanmu 'yan Nijar, masu shayi da 'yan ga-ruwa da masu gadi, wasu ban taɓa ganin sun shiga gidan kallo ba. Sanatoci suka shiga ganawar sirri, babu abin da ake nunawa, amma ba wanda ya tashi, mai gidan ya kashe inji don tattalin mai muka zauna ana ta fifita da kwali. Wani tsoho mai shayin bakin titi, mutumin wajen Maraɗi ne, yana zaune a bencin gaba da carbi ya ajiye butarsa tsakanin ƙafafunsa, iyalinsa duk suna can. Da aka dawo Akpabio ya karanta matsayarsu cewa a bi hanyar siyasa da diflomasiyya, Malam ya fassara a hankali ya maimaita sau biyu, tsohon ya ce Malam wato ba za a kai yaƙin ba? Malam ya ce Baba majalisa dai ba ta goyi bayan yaƙi ba, shawarar sulhu ta bayar. Sai tsohon ya ɗaga hannu sama hawaye na bin gemunsa. Jihohi bakwai ne namu a kan iyakar nan, Kebbi, Sokoto, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, ba wanda ke rumfar da ba shi da wani a tsallake. Ranar mai gidan bai karɓi kuɗin duk wanda ya shigo bayan la'asar ba, Allah ya saka masa.

Litinin 7 ga wata aka ƙare. Da safe aka kalli Ingila ta cire Falcons a bugun fenariti, aka share rumfa aka koma majalisa. Keyamo ya shigo, Sanata Darlington Nwokocha na Abia ya tashi ya ce a dakatar da tantance shi saboda rigimar da ya yi da 'yan majalisa a 2020 kan ɗaukar ma'aikata 774,000, zaure ya hargitse kowa na magana, a nan kam Malam ya ajiye makirfo ya ce wannan ba ya fassaruwa. Aka tafi dogon hutu, aka dawo Keyamo ya ba da haƙuri aka wuce. Can da dare aka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, masu eh su ce eh masu a'a su ce a'a a buga guduma, aka tabbatar da 45 cikin 48, aka riƙe El-Rufai da Stella Okotete ta Delta da Abubakar Danladi na Taraba wai sai an kammala binciken tsaro. Sai kuma maganar nan da kowa ya ji, da Akpabio ya ce akawun majalisa ya tura musu ɗan wani abu a asusunsu don su ji daɗin hutu, aka yi masa raɗa ya janye ya ce addu'o'i ne aka tura musu. Malam ya fassara duka biyun bai ƙara ko kalma ba. Mai Adaidaitan nan da tun safe yake lissafin kuɗin man da bai mayar ba ya miƙe ya fita bai ce wa kowa komai ba, ni ma abin ya tsaya min a rai har na kwanta.

Sauran abubuwan da ya kamata mai son zuwa ya sani: fanka ɗaya ce tak a rumfar, in rana ta take kwanon nan sai ka jiƙe sharkaf, bencinan ba su da majingina kuma zama ne na awa biyar shida, bayana ya yi kwana biyu yana ciwo. Babu wajen mata ko kaɗan, wasu malaman makarantar Islamiyya mata biyu sun zo ranar Juma'a suka tsaya daga bakin ƙofa suka juya, na ce masa ko labule ya sa ya ware benci biyu ta baya. Ranar ƙarshe ya mayar da kuɗin shiga 200 ba tare da ya rubuta a allo ba, wannan ma ban ji daɗinsa ba duk da na san tsadar mai. Abin yabo kuma, tikitinka na yini ne, ka fita sallah ka dawo ba mai tambayarka, ana kiran sallah yake rage sauti, kuma ya hana shan sigari a ciki. In maki zan bayar bakwai ne cikin goma, biyar daga ciki na Malam ne.

Daga nan majalisa ta tafi hutu sai 26 ga Satumban 2023. Mai gidan ya ce in sun dawo zai riƙa nuna zaman Talata zuwa Alhamis da rana tunda ƙwallo sai dare, kuma Malam ya ce lallai akwai sauran tantancewa don a lokacin Kaduna ba ta da minista tunda an riƙe El-Rufai. Wanda zai zo ya zo da mafici da ruwansa, ya kama bencin hagu na uku, can ne nesa da ƙarar inji kuma kusa da bakin Malam.