Hattara da mai tallan "injin ABF daga Jamus", ya cinye mini naira 950,000

Naira 950,000 wani ɗan damfara ya karɓe mini, ban da 45,000 na kuɗin mota, kuma har yanzu shafinsa yana nan a Facebook yana tallan "injin Jamus, ba a taɓa kwance shi ba". Ba zan kama suna ba tukuna saboda magana tana hannun hukuma, amma duk mai tayar da tsohuwar Golf a Kano ko Kaduna ya tsaya ya karanta.

Golf 2 GTI gare ni, ƙirar 1989. Injinta na asali 1.8 ne mai bawul 8, ƙarfin doki 112, ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Na gama fenti, na gama kujeru, saura inji. Tun farko injin da ake kira ABF nake nema, 2.0 mai bawul 16 wanda ke zuwa a Golf 3 GTI 16V, ƙarfin doki 150, domin shi da injin Golf 2 'yan gida ɗaya ne, yana zama daram ba sai an yi ta yanka da walda ba. Na zaga Ƙofar Ruwa, na sa an duba mini Panteka a Kaduna. Injin Golf 3 irin na tasi ga shi nan jibge, amma da ka ce ABF sai a ce ka dawo wani mako.

Masu cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, ku saurara ku ji yadda aka yi. Ni na kira mai tallan, kuma da gangan na gwada shi. Na ce VR6 nake so, wanda ya ɗora a shafinsa a kan kuɗin da ya fi na ABF nesa ba kusa ba. Sai ya ce, "Haba Alhaji, VR6 a Golf 2? Na yarda, silinda 6 ne, 2.8, doki 174, amma nauyinsa zai danne maka gaban mota, in ka shiga kwana ta riƙa jan ka waje, ga shan mai, kuma dole ka sake birki. Ɗauki ABF ka huta." Mutum yana da mai tsada a hannu, na ce ina so, ya hana ni saye. Ku faɗa mini, wane ɓarawo ne yake haka? Na tambaye shi 1.8T na Golf 4, ya ce injin kirki ne, sai dai ga turbo, ga bututun iska, ga wayoyin da sai makanikina ya yi kuka. Duk gaskiya ya faɗa. Ko kalma ɗaya bai yi ƙarya a kan mota ba.

Giyabos ma shi ya fara kawo maganar. Ya ce giyabos ɗina mai lamba 020 zai ɗauru a jikin ABF, amma in ina son taka mota hankali kwance gara 02A wanda injin ya zo da shi, sai dai in sani kulocinsa na mai ne, ba na waya ba irin na Golf 2, don haka zai haɗo mini da masta da silef, wato famfunan man kuloci, da hannun giya mai wayoyinsa. Har ya tuna mini cewa waɗanda aka ƙera daga wajajen 1995 suna da makullin tsaro, in ba a haɗo birenbos, wato kwamfutar inji, da mukulli da akwatin tsaron ba injin ba zai zauna a kunne ba. Makanikina yana gefe na sa waya a sifika, yana gyaɗa kai. Bayan mun ajiye ya ce, "Oga, wannan ya san aiki." Shekara da shekaru yana kwance Volkswagen, shi ma ya yarda. To ni wane ne?

Na tura 400,000 kafin alƙalami. A'a, kafin nan ma sai da ya turo bidiyo: injin a ƙasa, murfi mai faɗi, fulogai a tsakiya, an haɗa batir an tayar, ga takarda an rubuta sunana an ɗora a kai. Sunana fa! Ban tura ko sisi ba sai da na ga wannan. Daga baya wani ya kira ni wai direba ne a tasha a Legas, an yi lodi, mai kaya ya ce ba za a tashi ba sai ya ga alat. Na tura 550,000. Kuɗin motar, 45,000, ina jin shi na fara turawa kafin 550,000 ɗin, ranar komai ya cakuɗe mini. 400,000 da 550,000, lissafa da kanka, 950,000, kuɗin da na daɗe ina tarawa.

"Ɗauki ABF ka huta." Wallahi maganar nan ita ke hana ni barci.

Kaya ya iso a naɗe da buhu da leda, an ɗaure tamau, ba ka ganin komai. Muka kai gareji, yara suka taru. Makanikina ya sa wuƙa ya farke, ya yi shiru, sannan ya ce, "Oga, wannan ai na tasi ne." Murfi siriri, fulogai a gefe, injekta guda ɗaya a sama, 1.8 mai bawul 8 wanda bai ma kai na cikin motata ƙarfi ba. Wurin lambar inji a jikin bulok an goge shi da giranda fes. Giyabos ɗin 020 ne irin nawa. Babu birenbos, babu waya ko ɗaya, balle masta. Da aka ɗaga tof silinda, tsatsa ta kama silinda biyu, ruwa ya kwana a ciki. Wani yaro ya juya baya yana dariya, na gan shi.

Na kira shi nan take. Ya yi ta salati, wai yaronsa ne ya yi kuskuren lodi, nawa yana shago, in turo 60,000 a sake ɗorawa. Bayan 950,000, wai in ƙara 60,000! Da na ce ya fara turo nawa, sai waya ta daina shiga, WhatsApp ma ya toshe ni. Lambar "direban" ita ma a kashe. Yayana sai cewa yake me ya hana ni zuwa Legas da ƙafata. Ga bidiyo da sunana, ga makaniki ya saurara, ga mutum ya hana ni sayen mai tsada, me kuma ya rage in bincika? Injin da ke cikin bidiyon ABF ne na gaske, ina nan a kan bakana. Ko nasa ne, ko na shagon wani ya tsaya ya ɗauka, oho.

Shawara? Kada ku biya cikon kuɗi sai an farke leda a gabanku. Ku karanta lambar da ke jikin bulok, gefen da ke kallon lagireto, in an goge ku bar shi. Ku tura makanikinku ya gani da ido.

Hotunan hirarmu, da bidiyon, da rasit ɗin banki guda uku duk suna wayata, zan ɗora su da zarar an ba ni izini. Na san ba ni kaɗai ya rubuta wa suna a takarda ba. Wanda aka yi wa irin wannan da injin Golf ya same ni ta saƙon sirri, mu haɗa lambobin asusun mu gani ko ɗaya ne.